Inna Tekle, Mai Ɗaga Mana Taken Ƙasa

Kafin kowa ya tashi a ƙauyenmu, Inna Tekle Varniene ta riga ta tatsi akuyarta, ta kuma gwada muryarta a kanta. In akuyar ta ci gaba da tuƙa, murya na nan lafiya. In ta kai harbi, sai Inna ta nemi zuma. Daga nan ta nufi ɗakin taron ƙauye, inda take shara tun muna 'yan firamare. Aikin da muke jinjina mata a kai kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, ran shida ga Yuli.

Ranar ce aka ce an ɗora wa Mindaugas kambi a 1253, sarki ɗaya tilo da ƙasarmu Lituwaniya ta taɓa naɗawa. Ba wanda ya san takamaiman inda aka yi naɗin, don haka duk ƙauyen da ke da tudu sai ya ce a nasa ne. Namu tudun ko ɗan maraƙi ba ya haki a kansa, amma tsoho Anupras mai kiwon zuma ya rantse a nan aka yi.

A kan tudun muke taruwa. Da ƙarfe tara na dare, lokacin da a ƙasarmu rana ba ta ko faɗi ba a watan Yuli, 'yan ƙasa duk inda suke a duniya sukan rera taken ƙasa tare. To amma sai wani ya fara. In ya ɗauko sama, kafin a kai tsakiya maza sun koma zakaru masu mura. In ya ɗauko ƙasa, sai ka ce jana'iza. Mun gani a shekarar da Inna ta tafi ganin jika, Anupras ya ɗaga. 'Yan'uwanmu na ƙasashen waje suna saurare ta waya, har yau in sun zo hutu sai sun kwaikwaye mu.

Ke ce mai buɗe bakin gari, Inna. Ba a taɓa kiran sunanki a jawabi ba, amma duk mai jawabin in ya gama, fuskarki yake nema a cikin taro.

Bana ta ce ta gaji, wannan ne na ƙarshe. Sai kuma ta zauna da rana ta sha kwano biyu na jar miyarmu mai sanyi, kai tsaye daga firji. Kafin yamma murya ta dishe ƙurmus.

"Anupras, murya ta tafi," ta raɗa masa a gindin tudu.

"To mene ne? Ni zan ɗaga."

"Allah ya kiyaye! Gara in je in kwanto akuyata."

"Tekle, ki iya bakinki. Ni fa jikan masu gadin sarki ne."

"Shi ya sa aka kashe sarkin."

Raha take, amma a tsorace take. Ba ta taɓa koya wa kowa ba, kowa ya jingina da ita. In yau aka yi shiru, duniya za ta rera ban da mu, kuma a ranarta ta ƙarshe.

Lokaci ya yi. Ta tsaya inda ta saba, ta ja numfashi, ta ɗaga gira, ta buɗe baki. Ko ƙis bai fito ba. Mu kuwa da muka zuba wa bakinta ido sai muka kama, daidai inda take kamawa, ba sama ba ƙasa. Na baya ba su ma san abin da ya faru ba. Wata har ta ce ba ta taɓa jin muryar Inna ta fita kamar bana ba. Ita kuwa leɓɓanta kawai ke motsi, hawaye na zuba.

Mun gode, Inna Tekle. Matasa kuma, a samu mai ƙarfin halin farawa a cikinku, ku yi koyi da ita. Baɗi ba za ki ɗaga ba, Inna, mun yarda. Amma don Allah ki zo ki tsaya, ki buɗe mana baki kawai.