Janareton Maƙwabci Ba Ya Cikin Kwamfuta

Har yau ban manta da ranar da aka kira ni asibiti a kan Sa'idu ba. Lokacin ina malamin aikin wayarin, wato haɗa wayar lantarki, a wata cibiyar koyon sana'a a Kuje. Sa'idu ɗalibina ne, magidanci mai 'ya'ya uku, tasi yake ja kafin ya zo wurinmu.

A shekarar aka kawo mana kwamfutoci masu kwaikwayon aiki. Ɗalibi zai haɗa waya a allo, in ya yi kuskure allon ya yi ja, ya sake daga farko. Tsarin shi ne kwana uku a kwamfuta, kwana biyu a shagon gwaji da waya ta gaske. Amma da baƙi suka fara zuwa daga ma'aikata ana ɗaukar hoto, sai Darakta ya rufe shagon gwajin.

"Malam Habu, zamani ya wuce riƙe filaya ana yankan waya," in ji shi. "Sa hannu kawai cewa ɗalibai sun yi aikin shagon gwajin."

Na ce, "To, Oga." Gaskiya daɗi ma na ji, ɗakin kwamfuta akwai sanyi. Na sa hannu a kan aikin da ban koyar ba.

Sa'idu ne ya zo na ɗaya a jarrabawar ƙarshe. Aikinsa na farko a wani shago ne a kasuwar Wuse. Ya kashe babban makunni yadda allo ya koya masa, ya kama waya. Ashe mai shagon ya jawo wuta ta baya daga janareton maƙwabci. Kowane tsohon ma'aikaci a garin nan ya san sai ka sa testa ka gwada waya ko da an ɗauke wuta. Ni na sani. Kwamfutar ba ta sani ba, ni kuma ban faɗa ba.

Na same shi an naɗe masa hannun dama, yatsu biyu sun tafi. Yana ganina ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, na ba ka kunya. Wallahi duk matakan na bi."

Shi ke ba ni haƙuri!

Da na kai wa Darakta labari, ko kai bai ɗago ba. "Gaggawa ya yi. Na'urarmu ba ta kuskure."

A ranar na ɓalle kwaɗon shagon gwaji na mayar da ɗalibai ciki, na sha takardar gargaɗi, ban damu ba.

Ku da kuke koyarwa yanzu, ku yi aiki da na'urar, tana da amfani. Amma ba ta san yadda mutanenmu ke jan waya ba, ku kuka sani. In kuka yi shiru, ba yatsun Darakta za a yanke ba, ba kuma naku ba.