Ina Jin An Yi Ruwa a Hamdara

A gidanmu na Birni kowa da abin da yake ji. Ƙannena suna jin yunwa, Inna tana jin jiri in ta miƙe daga bakin murhu, kakarmu ba ta jin komai sai an ambaci goro. Ni kuwa an ce ba na ji, alhali kunnuwana sun fi na jaki lafiya.

Damina ta biyu ke nan sama tana mana rowa. Gonarmu tana Hamdara, a hannun ƙanen Baba. Abin da ya rage mana a duniya tiya huɗu ce ta irin gero, a ɗaure cikin tsohon buhu, a rataye a ɗakin Baba. Ko ɓera ne zai kalli buhun nan sai ya yi sallama. Baba ya ƙi kai shi ƙauye da wuri, don ya san gidan ƙanensa: yara tuli, rumbu wayam. In iri ya isa can ƙasa ba ta jiƙa ba, a turmi za a shuka shi.

Wata safiya, ana hutun lakwal, wato makarantar boko, na daɗe a layin famfo. Gabas ta yi duhu, wata iska mai sanyi ta shafa mini wuya ta wuce. Na dawo da rabin tulu. Don in kauce wa faɗan Inna, tun daga zaure na ce, "Ina jin fa an yi ruwa a Hamdara."

"Ina ji" na ce, wallahi. Irin wanda mace take cewa ina jin gishiri ya isa, ba ta ɗanɗana ba. Amma Inna ta haye turmi ta leƙa katanga.

"Maƙwabciya! Yarinyar nan ta ji an yi ruwa a Hamdara!"

Na buɗe baki in gyara, sai na ga fuskarta. Rabon da in ga haƙoran Inna tun sallar bara. Na rufe bakina.

Kafin azahar maganata ta zaga Birni ta dawo da ƙiba. Mijin maƙwabciyar, baduku ne, gonarsa tana jikin tamu, ya yi sallama yana haki. "An ji a kasuwa," in ji shi. "Har wani Bakane ya ji. Wai kwari ya cika, kwaɗi na ta biki."

Baba ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya kwance buhun.

"Uwata, ɗauko mini zuwa tasha."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Na ɗora buhun a ka. Tiya huɗu ce, amma sai na ji kamar duwatsun Damagaram duka aka jibga mini. A kowane lungu nakan ce a ƙarshen wannan zan faɗa. Lungu ya ƙare, in shiga wani. Yashi na ƙona mini ƙafa.

Kamyo, babbar motar zuwa Hamdara, ya cika, an tayar da shi. Baduku har ya hau da nasa irin. Yaron mota ya miƙo hannu. "Ke, kawo kaya, ba kwana muka zo yi ba!"

Na riƙe buhun gam.

"Baba, ni ce na faɗa."

"Kika faɗi me?"

"Ruwan. Daga bakina ya fito."

Ya dube ni. "Kin ji, ko kina ji?"

"Ina ji."

"Wa ya gaya miki?"

"Iska."

Na runtse ido ina jiran mari, ban ji shi ba. Baba ya ɗaga kai ya gaya wa baduku. Baduku ya yi dariya, ya ce shi ba daga ƴar lakwal ya ji ba, daga Bakane ya ji, mutum mai rawani. Direba ya danna oda.

"Koma da shi," in ji Baba. "Ki ba uwarki hannu da hannu. In tsaba ɗaya ta faɗi a hanya, ki tsaya ki tsince ta." Ya kama ƙarfe ya haye, hannu wofi.

Kwana biyu ba wanda ya yi mini magana a gida, har kaka, wadda a wannan karon ta ji komai sarai.

Ran na uku Baba ya dawo, rigarsa ta yi ja. An yi yayyafi a Hamdara, ya ce, wanda bai isa ya jiƙa bayan kaza ba. Irin baduku kuwa tun ranar da ya sauka ƴan'uwansa suka zagaye shi da ido, ya kasa hana su. An yi fura da shi.

Baba ya sa aka kawo buhun. Ya auni tiya ɗaya, ya shafe bakinta da tafin hannu, ya juye a ƙwarya. Inna ta kau da kai.

"Tashi ki kai gidan baduku," ya ce. "Ki yi sallama da kyau. In an tambaye ki daga ina, ki ce daga bakinki."

Na ɗauka da hannu biyu. Saura uku suka koma kan ƙusa.