Sa'ar Mista Bentsil

Shekara talatin Mista Bentsil ya yi yana koyar da Turanci a Cape Coast ta ƙasar Ghana, amma kalma ɗaya ce ta zauna masa a baki: luckily, wato an yi sa'a. Yakan ce wa ɗalibai, ana faɗinta ne idan masifa ta taso ta kuskure ka. Wanda ta faɗa wa kuwa, wannan ba ya cikin darasi. Kasuwa ta ƙone, an yi sa'a shagon matarsa na can gefe. Ni dai ban taɓa ganin mai son kansa irinsa ba.

Duk da haka shi ake kai wa rubutun tarihin mamaci da ake karantawa a coci, don babu mai Turancinsa a unguwar.

Wata Asabar kwale-kwale ya kife da ɗansa Kwamena da Ebo, ɗan maƙwabciyarsu Maame Tawiah mai ƙyafe kifi. Kwamena ya fita, Ebo bai fita ba. Uwar Ebo ta kawo wa Mista Bentsil aikin rubuta tarihinsa.

"Papa, don Allah ka rubuta cewa Ebo ne ya bar min katakon da na riƙe," in ji Kwamena. "Abin da na roƙe ka ke nan."

"Ɗan malami, a ce ɗan mai kifi ya cece shi? Kai, rufa min baki!"

Ranar jana'iza Mista Bentsil ya sha baƙin zane, ya gyara tabarau, ya yi ta zuba Turanci. Da ya zo kan hatsarin sai ya ce luckily, ɗaya daga cikinsu ya iya iyo.

Maame Tawiah ba ta jin Turanci, amma wannan kalmar ta sha jin ta ta katanga. Ta miƙe tsaye.

"Sa'ar wa, Malam? Nawa ne a akwatin nan ko naka? Ka ji tsoron Allah, tsohon banza!"

Ya buɗe baki zai yi mata bayanin kalmar, sai ga Kwamena a gabansa. Ya fizge takardar, ya juya ga jama'a, ya faɗi abin da Ebo ya yi da harshen Fante, yana kuka.

Daga maƙabarta bai biyo ubansa gida ba. Yanzu shi ke saro wa Maame Tawiah itacen ƙyafe kifi. Idan sun haɗu da uban a hanya yakan gaishe shi da "Malam", kamar kowa.