Ranar da Malam Haliru ya mayar da begilolin

Malam Haliru Jibo ya shekara talatin yana busa begila a badujala kafin ya yi ritaya ya dawo gida Tudun Wada, a Gusau. Zaman kashe wando bai karɓe shi ba, sai ya fara tara yaran unguwa bayan la'asar, maza da mata, yana koya musu busa da kiɗa a filin wata firamare. Begila biyu gare shi, duk sun lotse, sai ganguna uku da ya sake wa fata da hannunsa. Mafaɗaci ne. In yaro ya kuskure, sai ya maimaita har leɓensa ya gaji. Duk da haka yaran ba sa fashi.

Ana nan sai wata ƙungiya ta zo da shirin koya wa yara kiɗa. Jami'inta, wani matashi mai suna Muktar, ya ce yaran Malam Haliru ne za su yi wasa ranar buɗe shirin, kuma za a ba su sababbin kayan busa. Wata biyu suna atisaye, ana karɓa-karɓar begila biyun nan.

Ranar taro aka jera yaran a gaban rumfar manyan baƙi, aka miƙa wa kowa sabuwar begila sai ƙyalli take. Malam Haliru ya ɗaga hannu zai ba su alama, sai Muktar ya riƙo masa hannun riga.

"Baba, kada su busa. Su dai ɗora a baki, za mu saki kiɗa ta lasifika. Ya fi kyau a bidiyo."

"Mi kac ce?"

"Haƙuri za ka yi. Kuma a kula da kayan, da yamma za mu kai su Tsafe, can ma akwai taro."

Malam Haliru ya dubi yaran, kowa ya cika kumatu da iska yana jiransa. Ya bi layin yana karɓar begilolin ɗaya bayan ɗaya, ya jibge su a kan teburin baƙi har gorar ruwa ta faɗi.

"Ga kayanku nan. Ɗiyan mutane ne waɗanga, ba gumaka ba. Sun iya busa, ni na koya musu. Ƙarya kuwa ku nemi wanda zai koya musu, ba ni ba."

Ya tasa yaransa gaba suka fice, wasunsu na kuka.

Taron bai watse ba. An tsinto wasu yara cikin 'yan kallo aka miƙa musu begilolin, lasifika ta yi kiɗanta. Bayan mako guda 'yarsa Maijidda ta nuna masa bidiyon a waya, ga sunansa a rubuce a matsayin wanda ya horar da su.

Har yau yana koyarwa bayan la'asar. Amma duk baƙon da ya shigo filin ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, Malam Haliru kan tsayar da busa, ya tsura masa ido har sai ya mayar da ita aljihu.