Daɓen Saima da Ya Ƙi Gyaruwa

Urho Kemppainen kafinta ne a ƙauyenmu na bakin tafkin Superior a Amurka, tuzuru ɗan shekara sittin da bakwai, ga kunne kamar na kyanwa, ga nauyin baki. Gidajenmu na gungume ne, kuma da zarar an hura murhu da sanyi, katako ya bushe, sai daɓen katakon ya kama kuka. Urho kan sa ka yi ta zirga-zirga a ɗaki, shi kuwa ya rarrafa ƙarƙashin gida da tocila, ya saurari inda ke ƙara, ya cusa ɗan faskare tsakanin katakon da gungumen da ke ɗauke da shi. Nawa daɓen, kafin ruwan kofi ya tafasa ya gama da shi.

Amma na maƙwabciyata Saima Harju, wadda mijinta ya rasu, shekara tara Urho yana gyara bai gyaru ba. Duk Alhamis yana can. In ya rufe bakin katakon kicin, na ƙofar ɗaki ya ɗauka. Sai ya fito da yanar gizo a ka, ta zuba masa kofi, ta yanka masa burodi mai zaƙi, su zauna har rana ta karkata. Duk ƙauye mun san in ya cusa faskare ɗaya, sai ya zare wani.

Na taɓa tsokanarsa na ce, “Urho, hannun ne ya tsufa, ko gidan ne da aljanu?”

Ya ce, “Ke dai ki kula da naki daɓen.”

Ana nan, Wesley ɗan Saima ya zo daga birnin Detroit. Ko'ina ya taka sai ƙii, ƙii. Ina zaune ya ce, “Mama, gidan nan ya gama yawo. Shekara tara ana gyara! Sayar da shi za mu yi, ki dawo wurina kafin ƙanƙara ta sauko.”

Ya manta Alhamis ce, Urho na nan a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ranar nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Urho ya ƙi kofi. Tun hantsi muke jin guduma daga ƙasa, kafin la'asar ya fito buɗu-buɗu da ƙura, ya ce wa Wesley, “Taka mu ji, ɗan birni.” Wesley ya taka, ya yi tsalle, ya bi lungu-lungu. Tsit kake ji.

Wesley ya ce, “To, Baba Urho, abin da ke gyaruwa a yini ɗaya, me ya kai shi shekara tara?”

Urho ya sunkuyar da kai yana kaɗe wando. Saima kuwa ta juya baya tana wanke kofin da tun ɗazu a wanke yake.

Wesley ya koma shi kaɗai. Saima ta zauna a gidanta, amma Urho ba shi da sauran dalilin zuwa. Alhamis uku yana wucewa da motarsa a hankali, bai tsaya ba. Wallahi ya ba ni tausayi, duk da na sha dariyarsa.

A ta huɗu Saima ta buga masa waya a gabana, fuska a murtuke. “Wane irin aiki ka yi mini? Kicin ya dawo da kuka.”

Ya zo a fusace, don an taɓa masa sana'a, ya rarrafa ciki yana ƙunƙuni. Can sai muka ji shiru. Ashe faskaren ya tarar an zare, an ajiye shi a kan faranti, kusa da yankan burodi. Sai a lokacin na lura da ƙasa a gwiwar siket ɗin Saima, mace mai shekara saba'in.

Ta buga daɓen da diddige ta ce, “Ka gyara a hankali, malam. Ba sauri nake ba.”