Makau Mai Alli, Wanda Ya Hana Motar Arzika Fita

Duk wanda ya bi ta bakin tashar Gummi da hantsi ya san ƙafafun Malam Makau kafin ya san fuskarsa, domin kullum yana kwance ƙarƙashin wata mota, guduma a dama, dunƙulen alli a aljihu. Mai walda ne, amma ba ya gaggawar kunna wuta. Sai ya wanke ƙashin motar, wato ƙarfen da ke ɗauke da ita, da kananzir, ya goge, ya shafe shi da alli, sannan ya bi shi da guduma. Inda duk ƙarfe ya tsage, kananzir zai tsattsafo ya ɓata allin. Direbobi na yi masa tsiya wai kwalliya yake yi wa amarya.

Da hanyoyin Bukkuyum suka lalace da tare-taren 'yan bindiga, kowane direba ya koma neman gudu. A cire ƙaramin inji a dasa babba, a sauya giya, a ce an gama. Ba mai tuna ƙarfen da zai ɗauki wannan sabon ƙarfi. Makau kaɗai ke mita, har aka gaji da jin mitarsa.

Arzika, direban a-kori-kura ɗan Zugu, shi ma ya dasa babban inji a daminar 2018. Ya kawo motar ne kawai a ɗaure masa mazaunin injin. Ana cikin haka saƙon ƙanensa ya iske shi cewa an ga baƙin babura a dajin bayan garinsu, mutane sun fara ɗaure kaya. Mahaifiyarsa, Inna Zulai, ba ta iya hawa babur saboda ciwon ƙugu. Motar nan ce kaɗai hanyarta.

Makau ya fito daga ƙarƙashi, ya nuna masa wani baƙin layi siriri a cikin allin, daidai inda injin ya zauna.

"Wagga mota ba ta hita yau."

"Baba, Inna na can. Ka liƙe min shi hakanan in tahi."

"Ka sa zuciyar raƙumi ga ƙirjin akuya, Arzika. In na liƙe sama-sama, kana zuwa, amma da kaya ba ka dawowa. Ga kwazazzabo za ta karye da ku."

Arzika ya roƙa, ya yi fushi, har ya faɗi maganar da ba a faɗa wa sa'an uba. Makau ya zare makullin ya jefa aljihu tare da allin. Waɗanda ke wurin sun ce ko ruwa bai nema ba. Ya huda ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya yanko farantin ƙarfe mai kauri ya yi masa baki kamar na mashi, ya rungume ƙashin da shi ciki da waje, ya ƙara gilma ƙarfe ƙarƙashin giya. Yana yi yana dakatawa ƙarfen ya huce da kansa, kuma wannan jiran ne ya kusa haukata Arzika. Wayar ƙanensa ta daina shiga. Rana ta faɗi, hanya ta rufe, ya kwana yana tsine wa alli.

Da asuba aka ba shi makulli. Ya sami Zugu a tsaye, amma kowa a firgice. Inna ta zauna gaba, baya kuma aka cika da mata, yara, buhunan gero da akuyoyi, har taya ta kusa taɓa jiki. Kafin Nasarawa Burkullu akwai wani kurmi inda ruwa ya zaizaye hanya. Arzika bai yarda ya rage gudu a wannan kurmi ba, don tsoron masu tare hanya. Motar ta faɗa ramin, ta yi wata ƙara da ya ji har cikin haƙoransa, ya rufe ido yana jiran ta rabu biyu. Ta haye.

Da suka iso Gummi ya durƙusa zai ba da haƙuri. Makau bai saurare shi ba, ya gaida Inna, ya shige ƙarƙashi da kananzir da guduma. Ya daɗe. Da ya fito sai ya ce, "Alli na nan hwari."

Malam Makau, kai ne ka yarda a zage ka a ranar da zagin ya fi sauƙi a kan jana'iza. Da an sami Zugu a ƙone da safen nan, sunanka za a kira, kuma ka san haka lokacin da ka sa makullin a aljihu. Na ƙarfe, mai hana gaggawa, mun gode.

Yanzu wutar walda ta cinye masa ido, baƙin layin nan ba ya ganinsa sai an nuna masa, ya ce bana zai ajiye guduma. Abin na ba ni tsoro, domin hanyoyin ba su gyaru ba, manyan injuna kuma sai ƙaruwa suke. Masu walda na Gummi, Anka da Bukkuyum, ku je ku zauna kusa da shi tun yana iya magana da ku. Allah Ya saka masa, Ya ba shi lafiyar ido. Inna Zulai na nan da ranta, kuma duk Juma'a sai ta aika masa da fura.