Wanda Ya Ɗauke Mana Goggo Daga Rediyo

Ban taɓa ganin fuskar mutumin nan ba, kuma ba na marmarin gani. Muryarsa kaɗai na sani. Shi aka damƙa wa wasan kwaikwayon rana na gidan rediyonmu bayan tsohon mai shiryawa ya yi ritaya, kuma shi ne mutum na farko da na yi wa mugun fata ina tsaye bakin murhu, har sai da na ajiye muciya na yi istigfari.

Wasan nan tun ina sakandare ake yin sa. Labarin wani gidan manoma ne da ke kai amfanin gona kasuwa, kuma ba ya sauri. Sai a cinye damina guda a kan akuyar da ta shiga gonar waken maƙwabci. A tsakiyar gidan akwai Goggo, tsohuwa mai sayar da kunun gyaɗa, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Hausarta irin tamu ce ta nan Mubi, tana tafe tana tsinto Fulatanci a hanya. Duk rigimar da aka yi a ranar, ita ke rufe ta. Za ka ji ƙarar kwano a ƙasa, sannan ta ce surutu ya isa haka, kowa ya wanke hannu.

Surukata, wadda muke kira Dada, an dawo da ita wurinmu daga Digil bayan rasuwar mahaifin maigidana, lokacin da yanar ido ta kusa rufe mata gani. A can ba ta taɓa cin abinci ita kaɗai ba. Akushi ɗaya suke kewayewa da matan gidan a ƙarƙashin dalbejiya. A nan kuwa da rana maigida yana shago, yara suna makaranta. Sai in kai mata tuwo, in dawo in tarar ƙudaje ne kawai suka amfana. Da dare takan ɗan taɓa idan jikoki sun kewaye ta, amma maganin da likita ya ba ta na rana ne, kuma ba a shan sa da cikin wofi.

Wata rana na manta rediyo kusa da tabarmarta. Ina daga madafa na ji Goggo ta ce kowa ya wanke hannu, sai na ji ruwa yana zuba a tasa. Na leƙa. Dada ce ke wanke hannu. Ta buɗe kwano, ta yi bisimilla, ta ci har ta side miya. Daga ranar na daidaita girkina da wasan. Shekaru muka yi a haka, Goggo tana ci da mutanenta a can, Dada tana ci a nan, wani lokaci har tana mayar mata da magana.

Sai aka kawo wannan mutumin.

Ya fara da kiɗan buɗe wasa. Ya cire garayar da muka saba, ya sa wani abu mai dukan ƙirji kamar ana tallar maganin basir. Babban ɗan gidan, wanda muka sani da bin shanun huɗa, ya kwana ya tashi da kamfani a Abuja. Wani da muka yi wa kuka shekarun baya, muka ji an binne shi da kunnenmu, ya dawo da ransa wai tagwayensa ne aka binne. Bindiga ta shigo. Aka daina zuwa gona gaba ɗaya, ko sau ɗaya ba a ƙara ambatar ruwan sama ba. Duk wannan na haɗiye, don har lokacin ana barin Goggo ta ajiye kwanonta a ƙarshe.

Ran nan Goggo ta yi tari sau biyu. Washegari wata jika ta faɗa, a tsakiyar wata maganar, cewa an kai ta asibiti Yola. Shi ke nan. Babu wanda ya je dubiya, babu wanda ya ɗauki kwanon abinci ya bi ta. Wasan ya koma ƙarewa da ƙarar birkin mota ko ihun mace.

"Amarya," in ji Dada, don haka take kirana har yau da 'ya'yana suka fi ni tsawo, "an sallamo ta?"

"Tukuna, Dada. Ƙila gobe."

"To rufe tuwon."

Goben nan ta yi ta zuwa tana wucewa. Kwano yana komawa madafa yadda ya fito. Maigida ya sayo balangu, ya sayo madara, ya yi lallashi har ya gaji. Zanen Dada ya fara zagaye ta fiye da da. Maganin rana kuma in ta sha shi haka nan sai jiri ya kwashe ta.

Maƙwabciyata, wata 'yar Michika da muke sauraron wasan tare idan ba ta da taron mata a coci, ta fi ni zafi. Hausarta takan mayar da mace namiji.

"Wannan mutum," ta ce, "ko uwarsa ne ya kwanta asibiti haka zai manta da shi? Maman yara, ki kira su. Ran Asabar suna buɗe waya. In ba ki kira ba ni zan kira, kuma bakina ba shi da birki."

Ni ban taɓa kiran gidan rediyo ba. Na yi alwala kamar mai shirin wani babban abu, na zauna kusa da Dada, na yi ta bugawa har layi ya shiga. Shi ne da kansa a zaune yana amsa yabo.

Na yi sallama, na gaishe shi da aiki, na ce, "Malam, tambaya ɗaya gare ni. Ina Goggo?"

"Hajiya, ai labari gaba yake yi. Yanzu matasa muke so mu jawo, su kuma abu mai motsi suke so."

"Da rana tsaka? Matasan suna makaranta, wasu suna kan Keke Napep. Mu ne a gida, Malam. Mu da tsofaffinmu."

"Za mu duba, Hajiya."

"In kun kashe ta ku faɗa. A yi mata wanka, a yi zaman makoki, mu san mun rabu. Ba a kai mutum asibiti a bar shi can kamar tsohon takalmi."

Sai ya yi dariya. Dariyar nan ce ban yafe ba. Ya ce, "Hajiya, wasa ne fa." Aka katse ni, aka sa wani yaro da ya ce shi dai a ƙara bindiga.

Dada ta ji komai, don rediyon yana kan cinyarta. 

"Yaron nan yana tsammani ban san wasa ba ne," ta ce. "Na sani tun ba a haifi ubansa ba. To mai yin wasan fa, ba mutum ba ce? Shekara nawa tana shigowa gidajen mutane da sallama, a fitar da ita ba sallama?"

Ranar ko da dare ba ta ci ba.

Na yi kuka a madafa, na haɗa da hayaƙi don kada yara su gane. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutumin ba mugunta ya nufa ba. Bai ma san muna nan ba. An ba shi gida mai mutane, ya ɗauka kango ne, ya shiga rushe bango.

Maƙwabciyata ce ta faɗi abin da ni ban iya ko tunaninsa ba.

"Ke zauna ki ci da shi mana. Mutum yake nema, ba rediyo ba."

"Ni? Da uwar mijina?"

"To bar shi ya bushe saboda kunya."

Ita ba za ta gane nauyin abin ba. Yadda aka rene ni, matar ɗa ba ta cin abinci gaban surukarta. Tun da aka kawo ni gidan nan ko ruwa ban taɓa sha Dada tana wurin ba. In ina tauna goro ta shigo, sai in tsayar da baki. Uwata ta ja mini kunne a kan haka daren da za a kai ni, kuma Dada kanta ta sha yabona wurin dangi da cewa amaryarta ta san kunya. Abin da take alfahari da shi ke nan a kaina, shi kuma ake cewa in zubar.

Na kwana biyu ina juya maganar, na kai ta cikin sujada. Ban sami inda Allah ya hana ba. Mutane ne suka hana, mutanen kuma ba su ne ke ɗaga Dada idan jiri ya kayar da ita ba.

Na tuƙa tuwon masara da miyar yakuwa da gyaɗa, irin wadda take so. Wasan yana ta haukansa, wani yana rantsuwa zai harbe wani a otal. Na ajiye kwano, maimakon in juya sai na zauna a gefen tabarma, na jawo tasa na wanke hannu. 

"Wane ne?"

"Ni ce, Dada."

Ta juyo da fuskarta inda nake. "Amarya, ina kunyar taki?"

"An kai ta Yola tare da Goggo. Ba a sallamo su ba."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na jira faɗa. Sai na ga kafaɗunta suna motsi, dariya take yi ba sauti. Ta miƙo hannu na zuba mata ruwa.

"Ɗan banzan yaro," ta ce, tana nufin na rediyo. "Dubi abin da ya jawo mana."

Na kai lomar farko baki. Dada ta laluba gefen kwano, ta gutsura, ta dangwali miya.

"Gishirinki ya yi yawa."

"Kullum haka nake sawa, Dada."

"Na sani. Kullum yana yawa." Ta sake gutsura, babba a wannan karon. "Matso da kwanon nan, kin ja shi gabanki kamar ke kaɗai ce mai baki. Kuma ɗauko mini maganin tun ban manta ba."